Kayan Gaisuwar Karare

Masu turo min saƙo kuna tambaya ko hanyar Batsari ce ta cinye ni, ina nan da raina. Lafiyata ƙalau, raina ne kawai a jagule. Sau da yawa ina ɗaukar wayar nan in rubuto muku, sai in fasa in ajiye. Yau dai na daure, don in ban faɗa wa wani ba fashewa zan yi.

Wadda yau ta fara shigowa, gyara zama in gaya miki. Sunana Surayya, a Kaduna aka haife ni, amma Abbana, Allah ya jiƙansa, mutumin Karare ne ta ƙasar Batsari. Akwai wani Zaharaddeen da ke nemana da aure. Dogo ne, wankan tarwaɗa, gemun nan kullum a gyare yana sheƙi, in ya wuce sai turarensa ya daɗe bai bar wurin ba. A Abuja yake zaune. In kin tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Muna harkar taimakon al'umma ne," ya yi murmushi, ke kuma ki ji kunyar ƙara tambaya. Umma kuwa ta riga ta sallama masa. Ko tari na yi a gida sai ta ce in sha magani, kada Zaharaddeen ya kira ya ji muryata a dishe.

Magana ta yi nisa, saura ya je ya gaida dangin Abba kafin a sa rana. Wan Abba, Baffa Labaran, yana Safana, shi ne waliyyina. Mahaifiyarsu, Iya Tasalla, tana Karare, ta ƙi tashi duk da roƙon da ake mata. Sai wasu gwaggonnina a Darini. Da ina da wa ko ƙane shi zai raka shi, to ni kaɗai ce wurin Umma, kuma rabonta da can tun zaman makokin Abba. Sai ta ce mu tafi gaba ɗaya, ita ta yi zumunci, shi ya yi gaisuwa.

Shi ya tsara tafiyar. Ga saƙon da ya turo min, har yanzu ban goge ba:

"Bebi na gama tsari. Otal a Katsina tsada, ga nisa. Batsari za mu sauka, ita ce a tsakiya, ɗaki arha abinci arha. Kullum mu fita da sassafe mu gaida gari ɗaya, mu dawo masauki kafin la'asar. Babu kwanan ƙauye."

Ba zan ɓoye muku ba, ya burge ni. Kowa ya san halin da hanyoyin yankin nan suke ciki, ba mai son yamma ta riske shi a daji. Na nuna wa Umma, ta ce, "Kin gani ko? Namiji mai tsari ke nan, ba irin samarin da kike tara min a ƙofar gida ba." Na ce a raina, Umma ai su ma kin sha lemon da suke kawowa.

Ni da Umma ya kama mana ciki da falo a gidan wata dattijuwa da ke ba baƙi haya, shi da abokinsa Ikrima suka kama ɗaki can wajen tasha, don Umma ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da suruki ba. Ɗakinmu ba laifi: katifa a ƙasa, ledar ɗaki mai zanen fulawa da ta ɗan ɓare a gefe, labule ruwan hoda, da fankar da tun da muka zo ban ga ta juya ba. Ga rogo. Jama'a, duk abin da kuka ji ana faɗa a kan rogon Batsari gaskiya ne. Dafaffe da garin ƙuli da ɗan mai na dinga ci, sai da Umma ta ƙwace kwanon ta ce mai shirin zama amarya ba ta cin rogo haka.

Fitarmu ta farko Safana ce. Na sa atamfata mai ruwan ganye ɗinkin riga da siket, na yafa babban mayafi. Shi kuma ya ɗau wankan shadda ruwan toka, hula zanna, takalmi sau-ciki, agogo sai walƙiya yake. But ɗin motar cike da kayan gaisuwa an kasa kashi-kashi, katan ɗin sukari, na sabulu, na taliya, turamen atamfa da goro. Umma na baya kusa da ni ta ja mayafi har goshi, shi yana tuƙi yana satar kallona ta madubi. Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa ginin siminti mai get. Zaharaddeen ya cire takalmi tun daga zaure, ya zube gabansa kai a ƙasa, "Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana." Baffa ya yi ta sa albarka. Zaharaddeen ya ci tuwo ya sha fura har da ƙari, Ikrima kuwa ko wayarsa bai ciro ba. Ana kiran la'asar muka shigo Batsari, ina ta murmushi ni kaɗai ina jin na yi dace.

Washegari Karare. Ina fitowa na ga mutumina cikin wandon jins da 'yar riga mai gajeren hannu, ya ɗora wata falmaran mai aljihuna ta ko'ina, da hular hana-salla.

"Yau kuma ina shaddar?" na ce.

"Ƙauye za mu shiga, Bebi, datti za ta yi."

"Wurin kakata fa za ka."

"Tsofaffi ba ruwansu da kaya, zuciya suke dubawa."

Umma ta zungure ni da gwiwar hannu, muka shiga mota.

Da hantsi muka isa, tun kafin su zata. Gidan Iya na ƙasa ne amma babba, rumbunanta a jere bayan ɗakinta, awaki da tumaki a turke, zabi na ta kai-kawo. Tsohuwar nan da kuke ji har yanzu ana noma mata gonakinta, gyaɗarta ake kaiwa kasuwa, kuma ba a taɓa ɗora tukunya a gidan don mutanen gidan kaɗai ba. Muka same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, da wani tsohon zane da ya koɗe da ɗankwali a karkace. Tana ganinmu ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni, ta riƙe Umma suka shiga gaisuwa, ya hanya, ya bayan rabuwa, ya ƙarin haƙurinmu, kamar ba za a gama ba. Sannan ta dubi Zaharaddeen sama da ƙasa.

"Wanga shi ne angon nawa? To ke Surayya sai ki nemi wani, na ƙwace. Ku dakata in shiga in sauya zane, kunya nike ji ango shi gan ni haka."

"A'a Iya, don Allah ki zauna yadda kike," ya ce da sauri. "Wallahi haka kin fi kyau."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kun ji hwa! Tun yanzu ya hwara daɗin baki."

Ya ce a matsar da tabarmar, wai rana na dukan ido. Ina aka kai ta? Can gindin katangar da damina ta zubar da gefenta, inda ba a hango rumbu ko ɗaya, sai tarin ƙasa da wani fasasshen tulu. Ikrima ya ciro waya ya ɗora a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Na ce wannan fa? Zaharaddeen ya ce, "Tarihi ne, 'ya'yanmu su gani wata rana." 'Yan uwa, daga jin 'ya'yanmu sai na narke, na sunkuyar da kai ina murmushi kamar wata sakarya.

Kayan gaisuwa, ku ma kun sani, a gefe ake ajiye su ko a ba wata ta shiga da su ciki, ba a ma son a yi ta nuni da su. Shi kuwa ɗaya bayan ɗaya ya dinga ɗaukowa yana ɗora mata a cinya, yana juyowa wajen waya. Da aka zo kan sukari ya ce ni in miƙa. Na durƙusa na miƙa. Iya ta riƙe hannuna, ta daɗe tana kallon fuskata, sai hawaye.

"Da Musbahu na da rai, da shi ne zaune nan yau yana amsar gaisuwa."

Musbahu sunan Abbana ne. Ni ma na fashe da kuka, Umma ta juya baya tana share ido. Ikrima ya ciro wayar daga ƙarfen ya matso da ita dab da fuskar Iya.

Aka kawo fura da nono a ƙwarya, aka yanka zabi. Mutumin da ya yi ƙari a Safana yau ludayin kawai ya kai baki ya ajiye, wai cikinsa. Da za mu tafi Iya ta sa aka loda mana buhun gyaɗa, galan ɗin man gyaɗa da kaji a ɗaure, ta ce tukuicin ango ne. A lokacin waya ta daɗe da komawa aljihu. Muna shiga mota ya ciro 'yar kwalbar nan ta wanke hannu ya mulke har gwiwar hannu. Na gani, raina ya sosu, amma na ce ƙila ɗabi'ar 'yan Abuja ce.

Kashegari ba mu fita ba, ya ce yana da aiki a kwamfuta. Ina kwance a falo bayan azahar ina cin rogona sai ga saƙon Maijidda, 'yar Baffa Labaran da ke aure a Karare, gidanta na kallon na Iya.

"Yaya Surayya kina kusa?"

"Ina nan ƙanwata, ya gajiyar jiya?"

"Wannan ba Iya ba ce? Maigidana ya gani a wayar wani a majalisa."

Sai bidiyo. Na danna. Wani kiɗa mai sa tausayi ya fara tashi, aka nuno hanya, aka nuno daji, sai muryar Zaharaddeen a sanyaye, irin wadda yake min magana da ita in zai ce ya yi kewata:

"Yau ma mun taso daga sansaninmu da ke Batsari, mun shiga ƙauyukan da kowa ke tsoron shiga. A nan muka tarar da wannan baiwar Allah. Ba ta da kowa. Ba ta da abin da za ta ci. Ku dubi inda take rayuwa."

Aka nuno zubabbiyar katanga da fasasshen tulu. Aka nuno Iya da koɗaɗɗen zanenta ana ɗora mata sabulu a cinya. Dariyarta babu, wasan angon babu, rumbu ko ɗaya babu. Sai ga ni a durƙushe ina miƙa sukari, an rubuta a ƙasan hotona: ɗaya daga cikin 'yan agajinmu. Daga nan aka cika fuskar wayar da idon Iya tana hawaye, an cire maganarta an bar kiɗa, shi kuma yana cewa, "Kukan farin ciki take, rabonta da ganin sukari har ta manta." Ƙarshe lambar asusun banki, da rubutu: gobe sai Darini.

Hawayen da kakata ta zubar don ɗanta da ke kabari, su aka mayar kukan sukari. Na shiga shafin da aka sa bidiyon, wanda ban ma taɓa sanin yana da shi ba, ni na hotunan shadda da mota na sani. Tsofaffi ne reras daga garuruwa daban-daban, kowacce an zaunar da ita gindin bango, kowacce ba ta da kowa. Na dinga tambayar kaina, su kuma waɗannan kakannin wa ne? A ƙasan na Iya mutane sai zuba sharhi suke, Allah sarki, Allah ya saka maka da alheri. Wata har cewa ta yi ina 'ya'yanta suke, Allah ya isa tsakaninta da su. Wato Abbana da ke kwance a ƙasa ake ja wa Allah ya isa.

Na tura wa Zaharaddeen: "Ka zo yanzu."

"Bebi lafiya? Kewata ce ta motsa?" Har da 'yar fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

Bayan la'asar ya iso, ya jingina da mota a gindin bishiyar bedi, wato darbejiya, ta ƙofar gida, yana ƙamshi kamar kullum. Ranar ƙamshin hawa min kai ya yi. Na miƙa masa wayar ko gaisuwa babu.

Ya kalla, ya ɗan shafa gemu. "Au, har ya iso gare ki? Kin ga yadda yake tafiya kuwa? Ban taɓa sa wanda ya tashi da sauri haka ba."

"Kakata ce ba ta da kowa?"

"Haba Bebi, salon aiki ne. In ba ka faɗi haka ba, ba mai tsayawa ya kalla."

"Kayan nan na gaisuwa ne ko na sadaka?"

"To meye bambancin? Ba ta samu ba?"

Wallahi sai da na kalle shi da kyau ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Mutumin da ke neman aurena bai ga bambanci tsakanin ya durƙusa ya gaida kakata da ya tsaya a kanta ya ba ta sadaka ba.

"Ni kuma 'yar agaji ce ko?"

"To so kike in rubuta budurwata? Sai a ce son kai na yi. Kuma ai ban faɗi sunanta ba, ban faɗi sunan garin ba."

"A Karare akwai wanda bai san fuskar Iya ba?"

"Su ina suka ga data?"

"A wayar ɗan Karare aka gani."

Ya sassauta murya. "Ki fahimce ni. Dama ina da niyyar zuwa yankin nan aiki, sai ga maganar gaisuwa, na ce to a haɗa. Mai, masauki, kayan nan, daga ina kike zaton suke fitowa? In abin ya shigo ita ma zan aika mata da nata."

"Ka goge shi."

"Yanzu? Yana kan tashi? Bari dai ya ɗan kwana biyu."

Na juya na shige gida, don in na ƙara tsayawa zan iya tofa masa yawu.

Umma na kan sallaya. Na ajiye mata wayar a gabanta. Ta kalla har ƙarshe, ta ce innalillahi. Na ce alhamdulillahi, yau dai Umma ta gani da idonta. Ashe ban gama sanin Umma ba.

"Bai kyauta ba," ta ce. "Zan sa ya goge. Amma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

"Umma, Abba fa ake zagi a ƙasan bidiyon."

"Na ji. Kuskure ne, yaro ne."

"Yaro mai gemu?"

"Surayya, ki rufa min asiri. Tun rasuwar ubanki nake shan magana a kanki, ta gama makaranta tana zaune, ruwan ido gare ta, uwarta ce ta ɗaure mata gindi. Kowa a layinmu na gaya masa an kusa sa rana. Yanzu in koma Kaduna in ce me? An fasa saboda hoto?"

"Ba hoto ba ne Umma, mutuncin Iya ne."

"Iya ba ta da waya, ba gani za ta yi ba. Gobe ki shirya mu je Darini mu gama abin da ya kawo mu, in mun koma gida a yi magana a tsanake."

Ta fara hawaye, ni kuma ba na iya ganin kukan Umma. Na yi shiru. Amma shirun nan ƙyamar kaina ya sa ni, har tuwon da mai gidan ta aiko mana na kasa kai shi baki.

Da safe na zura doguwar riga baƙa da hijabi, ko hoda ban shafa ba. Suka iso, shi da falmaran ɗinsa mai aljihuna, Ikrima na goge gilashin waya da gefen riga. Wato gwaggonnina na Darini su ne na gaba. Umma na kulle ɗaki ke nan sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bayan motarsa ta tokare ta. Maijidda ce ta fara dirowa daga baya, sannan aka buɗe gaba.

Iya Tasalla ce. Matar da ko lokacin da gari ya fi rikicewa ta ƙi yarda a ɗauke ta daga Karare. Leshi ne a jikinta ruwan zuma, wanda ba ta sawa sai da salla, ɗankunnen zinariya, awarwaro, mayafi mai duwatsu, ga carbi a hannu. Ba ta kalli kowa ba, ta ce wa direban, "Sauke muna." Ya sauke katan ɗin sukari, na sabulu, na taliya, atamfa, goro, ko ɗaya ba a buɗe ba, ya jera su a gaban motar Zaharaddeen.

Umma ta zube ƙasa. "Iya ina kwana, da kin aiko ai da mun zo."

"Lahiya lau Ramlatu, tashi." Ta juya wajen Zaharaddeen. "Yaro, jiya tun la'asar gidana bai rabu da mutane ba. Mata sun cika man tsakar gida, wai an kawo tallahi na ɓoye, in hiddo a raba. Wannan bai dame ni ba. Sai ga Sahabi. Ba ka san Sahabi ba. Mutum ne mai ɗiya da yawa, duk shekara in an yi girbi shi nike hwara aika ma zakka. Shi ya yi sallama ƙohwar gidana da kwanon dawa a hannu yana kuka, wai bai san haka nike ciki ba, in yahe mai."

Muryarta ta ɗan karye a nan, amma ba ta yi hawaye ba.

"Na amsa, don kar in kunyata shi. Amma naka ga su nan. Na ɗauka gaisuwa ka kawo man, shi ya sa na sa maka albarka. Sadaka ko ban kai ga ci ba tukuna, Allah bai nuna man ranar ba."

Mutane sun fara taruwa, masu babura sun tsattsaya, mai gidanmu ta leƙo ta zaure. Zaharaddeen ya cire hular, ya zube gwiwa biyu a gabanta. "Iya ki yafe min, sharrin shaiɗan ne, wallahi niyyata alheri ce." Har da hawaye, 'yan uwa, suna bin gemu. Na rantse zuciyata ta fara ɗan motsawa. Umma ta yi min wani kallo, irin kin gani ko, ya yi nadama.

Sai idona ya faɗa kan Ikrima. Yana tsaye a gefe ya harɗe hannu a baya kamar mai jimami, amma wayarsa na aljihun gaban riga, idon kyamarar ya leƙo waje, kuma duk inda Zaharaddeen ya karkata sai ya juya ƙirjinsa can. Ban tsaya tunani ba na fizge ta. Ɗauka take, jan ɗigon nan na ta ƙyaftawa.

"Wannan kuma me za a rubuta a ƙasansa?" na ce, na juya wa Zaharaddeen ita.

Ikrima ya ce, "Ni fa shi ya yi min ido."

Hawayen Zaharaddeen suka tsaya cak. Duk abin da na taɓa ji a kansa, saƙonnin safe, Bebi, turaren, a nan ya zube. Ƙyama ce kawai ta rage, irin wadda kike ji in kin tsinci ƙuda a furar da kika riga kika sha rabi. Na goge abin da aka ɗauka, na ajiye wayar a kan katan ɗin sabulu.

Iya ta gyara mayafinta. "Ni zan koma. Surayya, ɗiyar Musbahu, ban zo raba ki da kowa ba. Amma in kina zuwa, akwai wuri a mota."

"Ina zuwa, Iya."

Na shiga na ɗauko jakata. Umma ta tare ni a zaure ta riƙe hannuna, tana magana ƙasa-ƙasa. "In kika hau motar nan kin gama da ni. Kada ki sa in yi miki baki, Surayya."

Duk duniya ba abin da nake tsoro kamar bakin Umma. Ashe Iya ta ji.

"Ramlatu, ba ki yi mata baki ina tsaye. In ciwon maganar mutane kike ji, ni jiya na ji nawa. Ki taho mu tahi, ko ki zauna ki tsare kayan sabulu."

Umma ta saki hannuna. Ba ta ce tafi ba, ba ta ce kada ki tafi ba, ta tsaya a bakin zaure tana kuka, kuma har yanzu da nake rubuto muku ba ta ɗauki wayata ba. Na hau gaba na matse kusa da Iya, Maijidda ta koma baya.

Direba ya tada mota ke nan wayata ta yi ƙara. Baffa Labaran ne. Muryarsa cike da fara'a, ashe Iya ta hana Maijidda gaya masa komai.

"Surayya, albishirinki. Iyayen yaron nan sun kira ni yanzu, sun taso daga Kaduna, yau za su iso Safana a tsaida rana. Ina uwar taki? Na kira ba ta ɗauka ba."

Wato jiya muna rabuwa Zaharaddeen ya kira su ya ce su yi sauri, kafin magana ta fito. Ta madubin gefe na hango shi ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa. Iya ta miƙo hannu, na sa mata wayar, ta kara a kunne a juye, na gyara mata.

"Labaran, uwarka ce. Kar ka amshi goron kowa. In sun iso ka ce su wuto Karare, tsohuwar da ba ta da kowa na son ganin su."